Taru Ba Ya Tambayar Kifi Sunansa: Magana Kan Sumame a Jimeta

'Yan uwana ɗalibai, musamman mu da muke zaune a wajen makaranta, daga Sangere zuwa Vinikilang har cikin Jimeta. Rubutun nan yana da ɗan tsawo, wanda data ɗinsa ke ƙasa ya ajiye shi sai ya samu na dare.

Bature yana da wata kalma, dragnet. Asalinta ragar kamun kifi ce, irin wadda ake shimfiɗawa a ruwa a ja ta ƙasa-ƙasa har bakin gaɓa, ta kwaso duk abin da ta tarar a hanya. Mu taru muke ce mata. To sai Turawa suka ɗauki wannan sunan suka ɗora wa aikin 'yan sanda, wato a zagaye unguwa ko a tare hanya, a kwashe duk wanda aka gani, daga baya a zauna a tantance. Har shirin 'yan sanda aka yi da sunan a Amurka, ya fara a rediyo a 1949, ya koma talabijin a 1951. Mu a Hausa sumame muke cewa, idan abin ya yi tsanani mu ce kamen kan mai uwa da wabi. Amma ni kalmar Baturen ta fi burge ni, don ba ta ɓoye komai ba. Ta faɗa maka ƙarara cewa mai wannan aikin ba wani mutum guda yake nema ba, ruwan gaba ɗaya yake tacewa.

Kafin wani ya shigo ƙasan rubutun nan ya ce ina kare 'yan Shila, bari in share wannan. Babu ɗalibin da ke garin nan da bai san zafinsu ba. In ba a ƙwace taka wayar ba, an ƙwace ta abokin ɗakinka, ko ta yarinyar da kuke aji ɗaya. Ka hau keke da magariba daga kasuwar Jimeta, na kusa da kai ya zaro wuƙa, shi ke nan, waya ta tafi, wani lokacin da kwamfutar da rubutun digirinka na shekara biyu ke ciki. Wasu da sara suka tsira, wasu ba su tsira ba. Abin dariya, a Hausa shila ɗan tantabara ne da ko gashi bai gama fitarwa ba, kuma da yawansu ɗin yara ne ƙanana, amma aikinsu ba na yara ba ne. Saboda haka idan mutum ya ji an yi sumame an cika motoci, ya ce Allah ya ƙara, na gane daga inda maganar ta fito. Zuciya ce ta gaji.

Tambayata ita ce, wa aka cika motar da shi?

Ku je bakin Binuwai ko tafkin Geriyo da sassafe ku ga yadda taru ke fitowa. Karfasa, tarwaɗa, ƙurungu, kawara, kwaɗi, ciyawa, leda, tsohon silifas, duk a jaka ɗaya. Masunci bai zaɓi ko ɗaya daga ciki ba. Zaɓin da yake da shi tun a gida ya yi shi, ranar da ya sayi ragar, domin faɗin idon raga shi ke yanke hukuncin wanda zai wuce da wanda zai maƙale. Ido mai faɗi yana barin 'ya'yan kifi su sulale, ya riƙe manya. Shi ya sa dokar kamun kifi a koguna da tafkuna ta 1992 ta hana, in ban da wasu 'yan keɓantattun kayan su, amfani da ragar da idonta bai kai milimita 76 ba, wato inci 3 ke nan, kamar yadda ta hana zuba guba da jefa nakiya a ruwa. A tafkin Kainji sai da ta kai an haramta irin wannan jan raga na bakin gaɓa a ƙarshen shekarun 1990, saboda yana share ƙananan kifi kafin su kai ga yin ƙwai. Tun kafin dokar gwamnati ma sarakunan ruwa sun san wannan. A Argungu ana rufe Matan Fada a hana su har sai lokacin biki, haka ma al'adar Njuwa ta nan Yola ta ginu kan a bar ruwa ya huta. Masunci ya san in ya ci na gobe yau, gobe raga zai ci.

To ragar sumame a juye take. A ruwa ƙarami ke fita, babba ya maƙale. A sumame babba ke fita, ƙarami ya maƙale. Idon wannan ragar ba da milimita ake auna shi ba, da wa ka sani da nawa ke aljihunka ake aunawa. An kwashi mutum talatin a gidan kallon ƙwallo da teburin mai shayi. Kafin sha biyun dare, ɗan wane ya fita, waya ɗaya aka buga. Da safe wanda kawunsa ya zo da kuɗi ya fita, ga takarda nan manne a bango tana cewa beli kyauta ne, kowa ya karanta ta, kowa ya biya. Ɗalibi mai katin makaranta da ɗan Turanci a baki, shi ma yakan samu ya zame. Wa ya rage? Yaron mai shayi da ya zo cirani daga ƙauye, mai turin ruwa, almajirin da ya kwanta a baranda, mai wankin keke. Waɗanda ba su da lambar da za su kira. Su ne za a jera gaban kyamara, su ne za a kai kotu da tuhumar haɗa baki da tayar da hankali, su ne za a tura gidan gyaran hali a ce su jira. Kuma kun san kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yarin ƙasar nan ba a yanke musu hukunci ba, jiran shari'a suke.

Shi kuwa ɗan Shila na gaske? Kifi na ganinka mai jar koma. Ya fi kowa sanin lungu, ya fi kowa gudu, kuma sau da yawa ya ji ƙishin-ƙishin tun kafin mota ta tashi. Wanda ya san bai yi komai ba shi ne ke tsayawa, don a tunaninsa mai gaskiya ba ya gudu. Wallahi wannan tunanin ya kwanar da mutane da yawa a sel.

Akwai wani abu kuma da ba mu cika faɗa ba. Masunci in ya ga ɗan kifi ko kwaɗo a raga, nan take yake wurga shi ruwa, kuma ya koma yadda yake. Mutum ba ya komawa yadda yake. Ɗalibin da aka riƙe kwana uku a makon jarabawa ya tashi da kwas a kansa, wani shekara guda ce ta tafi. Lebura ya rasa aikin da ya samu da ƙyar. Hoton da aka ɗauka an jera mutane a zaune a ƙasa, babu riga, da wuƙaƙe a gabansu, yana nan a Facebook har abada, babu wanda zai dawo ya rubuta cewa na uku daga hagu an sallame shi ba shi da laifi. Ranar da ya je neman aure wani zai tono shi. Sannan yaro ɗan shekara sha shida da aka haɗa ɗaki ɗaya da ƙwararrun ɓarayi na wata biyu, me kuke tsammanin zai koyo? Mun kai shi makaranta ne da hannunmu.

Garin nan ya ga manyan taruna. A watan Oktoba na 2020, bayan an fasa rumbunan kayan tallafi, Gwamna Ahmadu Umaru Fintiri ya ba da wa'adin awa 12 a dawo da kaya, ya ce bayan nan za a bi gida-gida, kuma gidan da aka samu kayan sata zai iya rasa takardarsa, har a rushe shi. Ranar 30 ga Yuli 2023 aka sake fasa rumbuna, aka sa dokar hana fita ta awa 24, aka kama mutane da yawa. Ban ce gwamnati ta naɗe hannu ba, wanda ya ja tarakta ya kai gida ba yunwa ce ta sa shi ba. Amma ku lura da abin da kan biyo bayan irin wannan. Ana sanar da adadin waɗanda aka kama da babbar murya. Adadin waɗanda kotu ta samu da laifi, da na waɗanda aka sallama, shi ne ba ya samun irin wannan muryar. Kuma wannan adadi na biyu shi ne zai gaya mana ko ragar ta kamo kifi ko ciyawa.

Inda aka taɓa bayyana adadin, abin ba daɗin ji. A zagayen farko na shari'ar waɗanda ake zargi da Boko Haram da aka yi a Kainji a Oktoban 2017, an yanke wa mutum 45 hukunci, aka sallami 468. Waɗannan mutane ne da wasunsu suka shekara da shekaru a tsare. Ƙungiyar Amnesty a rahotonta na 2015 ta ce an kama aƙalla mutum 20,000 a Arewa maso Gabas, fiye da 7,000 sun mutu a tsare. Mu 'yan wannan yankin ba labari ake ba mu ba. Abokan karatunmu daga Mubi, Michika, Madagali da Maiduguri kowa yana da sunan da zai kira.

Kuma mu 'yan Arewa ya kamata mu fi kowa ƙyamar wannan aikin, don mun san yadda yake idan mu ne kifin. A watan Yuni na 2014 sojoji suka tare matafiya 486 a jihar Abia, galibinsu 'yan Arewa masu tafiya Fatakwal neman abinci, aka ce ana zargin Boko Haram ne. A Agustan 2019 aka tare mutum 123 'yan Jigawa a Legas da baburansu a cikin babbar mota, aka bincika, ba a samu komai ba. Mun yi ihu a lokacin, mun rubuta, mun ce ana yi mana kuɗin goro saboda hula da harshe. Gaskiya muka faɗa. To me ya sa idan motar ta tsaya a Jambutu ko Doubeli ko Rumde, aka kwashi yara saboda askinsu da unguwarsu, sai mu yi tafi? Aikin fa ɗaya ne. Abin da ya canja kawai shi ne wannan karon muna kan gaɓa.

Wani zai ce, to ai yana aiki, bayan sumame unguwa takan yi shiru. Ƙwarai, na mako biyu. Ruwa ma in aka ja taru yakan yi shiru. Amma waɗanda suka gwada abin da yawa kuma suka ajiye lissafi sun ga iyakarsa. A birnin New York, a 2011 kaɗai, 'yan sanda sun tare mutane sau fiye da 685,000, kuma kusan tara cikin goma an sake su ba tare da ko tuhuma ba. A 2013 wata alƙaliyar tarayya ta ce yadda ake yin abin ya saɓa wa tsarin mulki. Aka rage shi ƙwarai, masu cewa gari zai kama da wuta suka zuba ido, laifuka suka ci gaba da raguwa. A Brixton ta Landan kuwa, a Afrilun 1981, an tare mutum 943 cikin 'yan kwanaki, aka kama 118, abin da ya biyo baya tarzoma ce da Ingila ba ta manta ba har yau.

Dalilin a fili yake. Ɗan sanda ba ya gani har hanji, da bayanin jama'a yake aiki. Wa ya san yaron da ke fita da wuƙa? Maƙwabta, masu keke, mai shayi, matasan layin. Su ɗin nan su ne sumame ke kwashewa. Uwar da ta sayar da akuyarta ta fito da ɗanta da bai yi komai ba, gobe ka je ka ce ta ba ka bayani, za ta ce ba ta ga komai ba. Ka zuba gamalin a ruwan da kake sha.

Sannan wayar da aka ƙwace ba cinye ta ake yi ba. Akwai mai saye, akwai mai cire makulli, akwai mai fitar da ita daga gari, akwai mai bayar da hayar keken, akwai mai sayar da ƙwayar da ake sha kafin a fita. Waɗannan su ne giwan ruwan, kuma giwan ruwa ba a bakin gaɓa yake kwana ba. Kama shi aikin ƙugiya ne, a san inda yake, a san abin da yake ci, a yi haƙuri. Kowace waya tana da lambarta ta IMEI. Bin sawun waya goma har hannun mai saye ya fi kwasar yara ɗari amfani, sai dai ba ya cika mota, ba ya kyau a hoto, kuma babu kuɗin beli a ciki. An bar jaki ana dukan taiki.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, doka ta riga ta saƙa ragar da idonta daidai, amfani da ita ne ba a yi. Sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 ya ce wanda aka kama a sanar da shi dalili a rubuce cikin awa 24, a harshen da yake ji, a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40. Ku gaya mini wane lungu ne a Jimeta ko Yola ko Girei ya yi wa kotu nisan kilomita 40? Sashen ya ƙara da cewa wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba yana da haƙƙin diyya da ban haƙuri a bainar jama'a. Dokar 'Yan Sanda ta 2020, sashe na 54, ta faɗa da baki cewa launin fata, shekaru, aski ko irin tufafin mutum ba su isa zama dalilin zargi ba. Ku sake karantawa, aski da tufafi, a cikin doka. Sashe na 36 ya hana a kama wani a madadin wani, wato babu zancen ba mu samu ɗan ba mun tafi da uban. Laifin nan da ake ce wa yawon banza an soke shi tun 1989, amma har gobe za ka ji an ce an kama mutum don yana yawo da dare. Dokar shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 kuma ta ɗora wa majistare ya riƙa zagaya wuraren tsare mutane duk wata ya ga su wa ke ciki, Adamawa ma ta yi tata dokar a 2018.

Ban ce ka tsaya a gaban mota da ƙarfe sha ɗayan dare kana karanto sashe na 54 ba fa. Mai bindiga a hannu ba a yi masa lakca. Ka kwantar da murya, ka nuna kati, kada ka gudu, kada ka sa hannu a takardar da ba ka karanta ba, ka haddace lambar mutum biyu a ka, don wayar ita ake fara karɓa. Sanin dokar na waɗanda ke waje ne, su za su bi sawu da safe.

Su kansu 'yan sandan, in za a yi adalci, ƙananan cikinsu ba su suka ƙirƙiro tsarin ba. Mutum ne aka ba shi mota babu mai, babu kayan bincike, aka ce gari ya rikice, manya suna son su ga sakamako kafin Litinin. Abin da ya fi sauƙin ƙirgawa shi ne kawuna. Mu ma jama'a muna da namu hannun, don mu muke tambayar mutum nawa aka kama, ba ma tambayar mutum nawa aka tabbatar wa laifi. Kuma muna da namu tarun da ya fi nasu muni. Ihun ɓarawo ɗaya a bakin kasuwa, sai taya da fetur. An sha yi a garin nan. Wanda ya ga abin da aka yi wa mafarauta 16 a Uromi a watan Maris na 2025 ya yi kuka, bai kamata a gan shi da dutse a hannu a Jimeta ba.

Yanzu ga inda nake son mu taɓa. Mu ɗalibai mun fi kowa damar zamewa ta idon ragar nan, shi ya sa ba ma ɗaukar abin da zafi. In an kama namu, a yi karo-karo a group, a fito da shi, a yi dariya, a wuce. Kowace irin wannan biya tana ƙara tabbatar da cewa jan tarun yana da riba. Garin da ke da jami'ar Modibbo Adama, da AUN, da kwalejin ilimi ta tarayya, da poli, da reshen makarantar horar da lauyoyi, bai kamata a ce babu wanda ke riƙe da lissafi ba. Ƙungiyoyin ɗalibai suna da kuɗin yin dina da buga riguna. Su ware lamba ɗaya da za a kira dare ko rana, su ƙulla da ƙungiyar lauyoyi reshen Yola, da hukumar ba da tallafin shari'a, da ofishin hukumar kare haƙƙin ɗan Adam. A buɗe rajista: ranar kaza, wuri kaza, an kwashi mutum kaza, an saki kaza, an biya kaza, an kai kaza kotu. Ba sai an sa sunan kowa ba. Masu neman abin da za su yi bincike a kai a sashen nazarin zamantakewa da na shari'a, ga shi nan a ƙofar gida, ku bar kwafo na wasu jami'o'in. Bayan zango biyu a ɗauki takardar a kai wa kwamishinan 'yan sanda da babban jojin jiha, a buga ta kowa ya gani.

Kuma duk wanda ya je fito da abokinsa, kafin ya juya ya tambaya su wa aka kamo tare da shi da har yanzu babu wanda ya zo musu. Ya karɓi suna da unguwa, ya kai wa mai unguwa ko lauyan da ke kan lambar. Shugabannin ɗalibai da ke cikin nan, na san kuna karantawa, ku faɗa mana a ƙasa wa zai riƙe lambar, kuma yaushe za a zauna.